Fararen Duwatsunka

Obadiya,

Na tafi aiki kana ta sharar barci. Jatan lande uku na tarar sun mutu a tankin gilashin da nake kiwon su a ciki. Na auna ruwan, farar ƙasar da ke cikinsa ta ninka ta makon jiya. Ashe duwatsun da ka kwaso a wurin gini a Hanwa ne ke narkewa a ciki, wai kai gwanin ado. Wata takwas jatan landen nan suna zaune lafiya ba da iliminka ba.

Ka tsame duwatsunka kafin in dawo. Kai su ɗakinka ka yi adon a can, tunda babu mai rai da ke motsi a ciki kafin azahar.

Yayarka,
Judith