Tashar da Na Bari a Kan Gwaji

Zuwa ga Yayana Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Mu nan Sabon Gari muna lafiya, Hajiya ce dai ƙafa ta matsa mata.

Yaya, jiya ɗaliban jami'a suka zo in nuna musu yadda ake haɗa tashar rediyo da intanet. Ina cikin bayani sai ka faɗo min a rai. Shi ya sa nake rubuto maka.

Ka tuna lokacin da sojoji suka koma bariki, ka dawo daga Legas da lasisi da tsohuwar kwamfuta? Ka kafa eriya a kan ɗakin Hajiya, ka haɗa rediyon da kwamfutar, ta yadda mai oba-oba a gona zai yi magana a ji shi har wata ƙasa. Maƙwabta suka ce boko ya taɓa ka. Ni kuwa na liƙe maka kamar ƙaya.

Kai ka koya min komai, da faɗa. Kar in ƙure murya, sai ta fashe. Kar in ajiye eriya kusa da kwamfuta. Sai wanda ka fi nanatawa: akwai wurin gwaji da ke maido wa mutum muryarsa don ya ji ko ta fita daidai. Kullum kana cewa, "Sadisu, in ka gama gwaji ka cire tashar daga kansa, in ba haka ba mutum da kansa zai yi ta magana."

Ranar Juma'ar nan ka tafi gonarka ta Lajawa, inda wayar salula ba ta kai ba tukuna. Na yi gwaji da safe, na ji muryata ras, na ji daɗi. Na rufe ɗaki na wuce kasuwa. Wallahi ban cire ba, Yaya.

Maciji ya sare ka bayan azahar. Sai la'asar wani makiyayi ya tarar da kai, oba-oba na hannunka. Kafin a kawo ka asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar uku na kunna kwamfutar. Ashe ta naɗi komai. Ka kira sunana, ka faɗi inda kake. Sai aka ɗan yi shiru, muryarka ta dawo maka da maganarka. Ka sake kira, ta sake dawowa. A na ƙarshe ba ka nemi kowa ba. Kalmar shahada ka yi, ita ma ta maimaita maka.

Malamai sun ce min ajali ne, na kuma yarda. Amma har yau in na danna maɓalli na ji muryata ta dawo, sai in tuna kiran nan naka. Hajiya ba ta san da naɗin nan ba, na kasa faɗa mata, na kasa gogewa.

Na ce wa ɗaliban nan kada kowa ya tashi daga gaban tasha sai wani mutum mai rai ya amsa masa. Suka yi dariya, suna ganin tsanani ne.

Ka yafe min, Yaya. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa shahadar nan da ni ban ji a kan lokaci ba ta isa inda ake ji. Amin.

Ƙaninka da bai amsa ba,
Sadisu