Mahaifiyata Ta Ɗauka Mun Mutu

Mama Eulalia, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi mini dariya ba, ko ya ja mini aya ya wuce.

Ina rubuto miki daga gonar inabi a Sonora, tafiyar kwana biyu a mota daga ƙauyenmu na duwatsun Chiapas. Shekara uku ke nan da ni da matata Pascuala da 'ya'yanmu mata biyu muka shiga ikilisiyar masu bishara. Da aka zaɓe ni in riƙe hidimar bikin waliyyin gari, in riƙa zuba wa dattawa giyar rake, na ce ba zan iya ba. Ba zan ɓoye miki ba, ban faɗa da ladabi ba. A gaban taro na ce waliyyin nasu itace ne, kakana ne ma ya sassaƙa shi. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ba su doke mu ba. Sun yanke mana ruwa, sun ƙwace gonata, sannan da rana tsaka suka buga mana ƙararrawar mutuwa. Yayana Sebastián da hannunsa ya kafa gicciye huɗu a maƙabarta da sunayenmu, na yaran farare. Tun daga ranar ba mai amsa gaisuwarmu. Mutum ya zo daf da kai a hanya, idonsa ya bi ta cikinka ya wuce. Ni na fito neman abin da za mu ci, Pascuala ta ce ba inda za ta.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Mahaifiyata, da take gidan Sebastián, ta tsufa, ido ya tafi, hankali yana zuwa yana komawa. Ta ji ƙararrawar nan, ta yarda mun mutu da gaske. Kullum da hantsi, in mutanen gidan sun tafi gona, Pascuala da yaran sukan shiga su yi mata wanka su taje mata kai. Ko gezau ba ta yi. Sai ta yi musu sannu da hanya, ta tambaya ko can akwai sanyi, ko sun ga marigayi mahaifina, ko ana yafe wa mutum a can. Su kuma su karanta mata Bishara da harshenmu, su yi mata waƙa. Matar da a da take toshe kunne in na buɗe Littafi, yau ita ke cewa amin.

Takan ajiye musu gurasar masara da wake. Kin san a wurinmu matattu ba sa ci, ƙamshi kawai suke ɗauka. To Pascuala ba ta ci, yaran ma ta hana su, wai in suka ci tsohuwa za ta gane ta kore su. Ƙaramar, Micaela, shekararta bakwai, ta tambaye ni a waya ko mun mutu ne ba a gaya mata ba. Ni ma, Mama, wani lokacin a gonar nan sai na duba inuwata in tabbatar ina raye.

Sebastián ya sani, na tabbata, don ya daina kulle ƙofa. Wannan kam na yaba masa.

In ce su daina zuwa, wa zai kula da ita? In bar su, da ƙarya muke kai wa uwata Yesu ke nan?

Wanda Aka Binne Da Ransa, Sonora

Ɗana, an zalunce ku, ba sai na tsaya jan magana a kai ba. Ruwa da gona haƙƙinku ne, ku je da fastonku ku kai ƙara birni.

Kada ka ga laifin Pascuala. Matar da aka hana ruwa, ta ɗebo daga nesa ta wanke surukarta, ta yi wa'azin da ya fi naka na gaban taro. Ba ita ta ƙirƙiro ruɗin ba. Amma ranar da ta janye hannun yarinya daga kwano, ranar ta fara raya shi, kuma Micaela ke ɗauke da nauyin. Mahaifiyarka tana saurarensu ne don ta ɗauka sun je sun gani. Ba su gani ba, gaskatawa suka yi. Ta cancanci ta san haka kafin ta ce amin.

Gobe su zauna su ci. Pascuala ta ɗora hannun tsohuwa a kumatun yarinyar tana tauna. Wataƙila ta kore su. In ta yi, jibi su koma da ruwan wanka, ba wa'azi, sai in ita ta nema.

Kai kuma kira Sebastián. Nemi gafara kan maganar kakanku, ba kan bangaskiyarka ba. Sannan kada ka jira a gama tsinkar inabi. Hau mota ka je ka riƙe hannun uwarka da ɗumin jikinka, tun tana iya jin sa.

Ubangiji ya kai ka lafiya, ya sa ka same ta da hankalinta.

Mama Eulalia