Maɗaciyar da Aka Cire Tana Nan Daram

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Asusun Lafiya na Ƙungiyar Masu Gasa Burodi, Zarƙa
Daga: Mahawish Rizƙallah, mamba mai lamba 417
Rana: 9 ga Mayu, 2023

Game da: Hana ni aikin tiyata bisa hujjar an riga an yi mini

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar 2 ga Mayu likita ya ga tsakuwa a maɗaciyata, ya ce a cire ta kafin wata ya ƙare. Magatakardanku ya duba fayil ya ce, "Baba Alhaji, ai tun bara aka cire maka ita. Ko wata ce ta tsiro?" Ya ƙi buga hatimi.

2. Fayil bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Ranar 14 ga Maris ta bara, mai kwaɓa mini ƙullu ya faɗi a bakin tanda yana murƙususu. Baƙo ne, takardar zamansa ta ƙare shekara shida ke nan, ba shi da katin asibiti, kuma yana tsoron asibiti fiye da ciwon. Na zura masa katina a aljihu, aka cire masa maɗaciya da sunana. Na amsa laifina.

3. Sai dai a lura, na girme shi da shekara ashirin da biyar, kuma ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. A ranar, magatakardan nan dai ya dubi hoton katin, ya ga gashin baki, ya dubi mutum, ya ga gashin baki, ya buga hatimi. Ina yaba masa wannan sauƙin kai, ina fatan ni ma ya taɓa ni.

4. An ce in kawo sunan mutumin a gyara fayil. Ranka ya daɗe, da na faɗa za a tasa ƙeyarsa zuwa iyaka, alhali bakuna biyar ke ci daga hannunsa. Burodin da ke teburinku kowace safiya ma shi ke kwaɓa shi. Ina tsoron ciwon nan ƙwarai, amma ba zan faɗa ba.

Don haka ina roƙo da a duba yadda irinsa za su ga likita da sunansu na yanka. Ni kuwa, a sa likita ya ajiye fayil, ya ɗaga rigata ya nemi tabo. In ya samu, na janye ƙorafina.

Naku cikin ladabi da biyayya,
Mahawish Rizƙallah