Jirginmu na Gwangwanin Sardin

Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya aikin reluwe a Kano? Mu nan Agadas lafiya, sai ɓacin rai.

Jirgin ƙasan da ka zano mana, ni da ɗalibaina 'yan lakwal mun ƙera ƙaraminsa da gwangwanin sardin, har da ƙwan tocila a goshi. Jiya kumandan, Baturen mulkin garin nan, ya ga fitilar ta kama, ya yi dariya, ya ce a kai wa ɗansa. 'Yan ƙaramin aji ko ganinsa a kunne ba su yi ba!

Ka aiko mini da wani ƙwan. Za mu sake ƙerawa, amma a gidana.

A sa mu a addu'a. Ka gai da Inna.

Ƙanenka,
Ilyasu