Ƙorafi Kan Motar Jama'a Da Aka Ce In Goge Tabonta

Daga:
Iro Ɗanjuma,
Mai wanki da gogen mota,
Bakin Famfo, Layin Mahauta,
New Bell Hausa, Douala.

Litinin, 19 ga Agusta, 1991.

Zuwa ga:
Mai Girma Alhaji Jalaluddeen,
Shugaban Ƙungiyar Taimakon Juna ta Layin Mahauta,
New Bell Hausa, Douala.

Game da: Ɓarnar da aka yi wa motar ɗaukar marasa lafiya da gawa ta ƙungiya, da laifin da aka ɗora mini, da hukuncin da aka yanke ba tare da an ji ta bakina ba.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban girma irin wadda ɗa ke yi wa uba, da roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta mana wannan hali da gari ke ciki, ina neman izini in gabatar da kukana a rubuce, tunda a zaman ranar Lahadi 11 ga Agusta an hana ni faɗinsa da baki. Na rubuta da Hausa, ba da Faransanci ba, domin a karanta wa dattawa yadda na faɗa, ba yadda mai fassara ya ga dama ba.

Kai ka san ni, domin kana cikin waɗanda suka sa mahaifina a kabari. Amma saboda wanda takardar nan za ta shiga hannunsa bayanka: ni haifaffen New Bell ne, ɗan ƙungiya, kuma sana'ata wanke mota da goge ta da shafa mata kaki, a filin da ƙungiya ta ba ni aro a bakin famfo. Ga ƙorafina.

1. A shekarar 1984 ƙungiya ta sayi doguwar Fijo fara domin kai marasa lafiya asibiti da kai mamata makwancinsu. Aka zana mata jan jinjirin wata a ƙofofi, aka rubuta sunan ƙungiya a ƙarƙashinsa. A gabanka aka damƙa mini kula da jikinta, na karɓa don Allah, ban taɓa neman lada a wurin mutum ba. Duk ranar da ta dawo daga maƙabarta da laka har gilashi, ba ta kwana da ita. Da ruwan famfo nake wanke ta, ba na rijiya ba, domin rijiyoyinmu suna da gishiri. Sabulun wanki na gari bai taɓa hawa fentinta ba. In wanke cikin tayoyi da ƙarƙashi, in tsane ta da fata mai laushi a inuwa, ba a rana ba. Kafin damina in bi ta da man gogewa, in shafa kaki, in jira ya yi fari-fari, sannan in murje da tsohon ƙyalle har ruwan sama ya riƙa gangarowa kamar a kan ganyen gwaza. Ranka ya daɗe, ka san Douala: ga ruwa ba ranar hutu, ga iskar gishiri daga kogin Wouri, ga kashin jemage. Motocin da aka saya tare da ita, tsatsa ta huda musu ƙofofi. Tamu, har watan jiya, mutum yana gyara hularsa a jikinta.

2. Da aka shiga wannan zama na yajin gama-gari da ake kira villes mortes, wanda gari ke mutuwa daga Litinin zuwa Juma'a, ba motar da ke motsi sai mai ita ya shirya ganin tokarta. Tamu kaɗai a wannan yanki take wucewa. Samarin da ke tsare shingaye sun san ta tun daga nesa da farinta da jan watanta. Su ja tayoyin da suke ƙonawa gefe, wasu har su cire hula. Ba mu kaɗai muka amfana ba. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilun Basa da Bamileke, waɗanda ba sallarmu ɗaya ba, sun sha buga mana ƙofa, ba a taɓa mayar da kowa ba. Ɓoɓɓo, direban ƙungiya, shaida ne.

3. Ranar Talata 30 ga Yuli da safe, Alhaji Idirisu, mataimakinka, wanda makullin motar ke hannunsa, ya zo ya ce akwai gawar wani baƙo da za a ɗauko a wajen tashar jirgin ruwa. Bai kira Ɓoɓɓo ba, direban shagonsa ya ba wa tuƙi. Bayan la'asar aka dawo mini da ita, da na gan ta sai da na zauna a ƙasa. An bi jikinta da ƙusa da fasasshiyar kwalba daga fitila zuwa fitila. A kan murfin inji an karce da manyan baƙaƙe: MENTEURS. Wato maƙaryata. Ba su ce maƙaryaci ba, ranka ya daɗe, dukanmu suka haɗa, har da kai, har da liman.

Direban da ya tuƙa ta, shi ya gaya mini abin da ya faru. Ba gawa aka ɗauko ba. Buhunan shinkafa aka jera a inda ake ajiye makara, aka lulluɓe da farin yadi. A shinge samari suka ga gindin motar yana jan ƙasa, suka ce wannan wace irin gawa ce, suka ɗaga yadin. Suka kwashe shinkafar, suka yi wa motar abin da suka yi. Har yau ƙwayoyin shinkafa suna nan sun kumbura a ƙarƙashin shimfiɗar baya, ban share ba. Na san ana yunwa. Da Alhaji ya ce abinci ne zai shigo wa unguwa da shi, da mun fita mun ɗauko a ka. Amma shagonsa aka nufa da shi, kuma da mutuncin matattunmu aka yi masa rufi.

4. Ranar Alhamis 1 ga Agusta da hantsi, naƙuda ta tsananta wa Asibi, matar Ilu tela. Ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Babu wata mota a unguwa, Ɓoɓɓo ya ɗauke ta a wannan ɗin, da rubutun a goshin motar. A shingen farko aka tare su. Ilu ya durƙusa a cikin taɓo yana rantsuwa, Ɓoɓɓo ya buɗe ƙofa ya ce su duba da idonsu. Suka ce shekaranjiya shinkafa ce ta mutu, yau kuma me ke haihuwa? Kafin masu hankalin cikinsu su ga gaskiya, an riga an sace iskar tayoyi. A cikin amalanken tura kaya aka ƙarasa da Asibi, ana sheƙa ruwa, Ilu yana tare mata da rigarsa. A hanya ta haifi 'ya mace. Jaririyar ba ta kai magariba ba. Asibi har yanzu ba ta miƙe ba. Na san ajali na Allah ne. Amma ko ajali yana da sanadi, kuma sanadin nan yana da suna.

5. Ranar Asabar 3 ga Agusta, Alhaji Idirisu ya zo filina da gwangwanin man gogewa da na kaki, masu kyau irin waɗanda ban taɓa iya saye ba. Ya ce in goge duk abin da zai gogu, sauran zai turo mai fenti ya rufe kafin zaman kwamiti. Ya ce rufin asirin ƙungiya ne, kuma babba juji ne. Na ce masa, da ladabi, man gogewa yana ɗauke karcen da ya tsaya a fatar fenti, ba wanda ya kai ƙarfe ba. Kuma na ƙara da cewa ko da zai ɗauke, hannuna ba zai yi ba, sai dattawa sun gani tukuna. Ya tuna mini cewa filin da nake tsaye ba gadon ubana ba ne. Na ce na sani. Ya bar gwangwanayensa, suna nan inda ya ajiye, ban buɗe ba.

6. A zaman ranar Lahadi 11 ga Agusta, Alhaji Idirisu ya shaida wa kwamiti cewa yawan gogen da nake yi ne ya cinye jan watan da sunan ƙungiya, shi ya sa samari ba su gane motar ba. Bai ambaci shinkafa ba. Ba a kira Ilu ba, ba a kira Ɓoɓɓo ba, ba a ce a je a dubi motar ba, alhali tana nan a filina bayan masallaci, ko takalmi ba sai an sa ba. Da na ɗaga hannu aka ce in zauna, mai laifi ba ya shaidar kansa. Rabin waɗanda ke zaune sun san gaskiya, domin maganar ta zaga kasuwa, amma da yawa suna cin bashin abinci a shagon Alhaji, kowa ya dubi tabarma. Kai ma, ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa, carbinka kake kallo. Aka yanke cewa a karɓe motar daga hannuna, 'yan ƙungiya su daina kawo mini wanki, in bar filin kafin ƙarshen wata. Washegari aka sa wa famfona kwaɗo.

Ina ƙaryata wannan zargi gaba ɗayansa. Jan watan yana nan jawur, domin ban taɓa ɗora man gogewa a kansa ba, zagaye shi nake yi, kaki kaɗai nake shafa masa. Mai ido ya zo ya gani.

7. Motar tana filina. Na ɗaure ta da sarƙa a jikin mangwaro, na rufe ta da tamfol, makullin sarƙar yana wuyana. Alhaji ya aiko a ɗauka, na ce a gaishe shi. Ban wanke ta ba tun ranar da aka turo ta daga shinge. Tsatsa ta fara fitowa a bakin kowane karce, ja-ja, tana bin ƙarƙashin fenti. Kullum da safe sai na ɗaga tamfol na duba, kuma Allah ya sani, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Amma in na taɓa ta yau, na shafe shaidar Asibi, na kuma sa hannu a kan ƙaryar da aka yi mini. Ba zan yi ba.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi:

Ka zo da dattawa ku ga motar da idanunku, ciki da waje.

A sake zama, a kira Ɓoɓɓo da Ilu da direban Alhaji Idirisu, kowa ya faɗi abin da ya gani, shi Alhajin yana zaune.

A karɓi makullin motar daga hannunsa, kuma ya je gidan Ilu da ƙafarsa.

Dattawa su tafi shingen nan da motar yadda take, su gaya wa samarin gaskiya, cewa mutum ɗaya ne ya ci amana, kuma an hukunta shi. Sabon fenti ba zai buɗe mana hanya ba. Suna ganin ta fara fes za su ce mun sake shiri.

A soke hukuncin 11 ga Agusta, a cire kwaɗo daga famfona, a wanke sunana a bainar jama'a kamar yadda aka ɓata shi.

In an yi haka, ni zan kankare tsatsar da hannuna, in tsaya a kan mai fenti, in jira fentin ya bushe sarai sannan in shafa kaki, kyauta kamar da. In kuma ba a yi komai ba kafin ranar Juma'a 23 ga Agusta, ina sanar da kai tun yanzu, don kada a ce na yi a ɓoye: zan kwance sarƙa, in yaye tamfol, in tura motar zuwa ƙofar masallaci kafin a taso daga salla. Wanda bai iya Faransanci ba, ɗansa ya karanta masa abin da aka rubuta a kanta. Daga nan a kore ni daga filin, zan ɗauki bokitina in tafi unguwar Japoma, can ma akwai ruwa.

Kada a ɗauka ina magana ne don ba ni da abin rasawa. Matata Aminat tana cikin watanta, ungozoma ta ce kowace rana. Ba wanda ya fi ni buƙatar motar nan ta wuce shinge a wannan mako. Na gaya mata abin da na rubuta, ta ce in kawo maka da hannuna, kuma kada in dawo sai na ga ka karanta.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon yin adalci.

Naka mai biyayya a kan gaskiya,

Iro Ɗanjuma.