Mai Gyaran Agogo Yana Tambayar Lokaci

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya.

Likitar damuwar nan da kika tura ni wurinta ta ba ni aikin gida, ni da furfurata. Ta lura ko ruwa aka miƙo mini sai in ce na ƙoshi. Wai kullum in roƙi wani abu ɗaya, in rubuta a takarda. Kwana shida takardar tana nan fara fat. Jiya na daure na tambayi mai askin da ke kusa da shagona ƙarfe nawa. Ya leƙo ya ga agogunan da ke rataye a bayana, ya yi dariya har ya ajiye almakashi.

Tun da matata ta rasu, agogunan nan kaɗai ke tanka mini. Amma lafiyata lau. Kada ki wahalar da kanki da zuwa.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, amma raina a ɓace yake.

Tambayar lokaci ai satar amsa ce. Mai askin ya kira ni a waya. Ya ce sau biyu asibiti na sa maka ranar cire yanar ido kana ƙin zuwa, don an ce ka zo da mai rako ka gida. Ya ce ƙusar agogo ta faɗi ka yi ta lalube a ƙasa, har mai agogon ya ɗauke abinsa ya tafi. Na yi kuka.

Sau biyu na zo ba tare da ka kira ni ba, tun ban zauna ba kake tambayar yaushe zan koma. Wannan karon na haɗa jakata, amma ba zan taso ba sai ka ce in zo.

Ka huta lafiya.
Autarku.

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Bakin mai askin nan ya fi askarsa kaifi.

Likita ta tambaye ni me nake tsoro. Na ce kada in roƙa a ce a'a. Ta ce ai na riga kowa faɗa wa kaina a'ar. Ranar na kasa cin abinci.

Asibiti sun sa Laraba ta ƙarshen wata, sun ce in na sake ƙi za su ba wani gurbina. Na rubuta sunanki a takardar roƙon da likita ta ba ni, na kuma goge. Kina da yara, hanya da nisa. Kada ki wahalar da kanki.

Yayanki.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Mako biyu ina jiran amsarki, shiru. Na gane.

Laraba ce, ƙarfe takwas na safe. Tsoro nake ji. Ki zo.

Za ki ga rubutun ba nawa ba ne, layukan sun daina tsaya mini. Mai aski ne ya rubuta. Shi ma roƙonsa na yi.

Yayanki.