Hannun Baba da Dokar Riƙo

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Ya jikin ƙaramar, haƙoran sun gama fitowa? Mu nan lafiya lau.

Kin tambaya ko Baba ya daina zaman bakin tasha. Ina fa. Tun da idonsa ya tafi babu wanda ya isa ya zaunar da shi a gida. Na yi lallashin, na yi fushin, ya ce ni in ji da cikinsa, kunnensa kuwa tasha ce ke ciyar da shi.

To yanzu hukumar gari ta kafa doka a kan bara. Ba ta hana zama ba, ba ta hana roƙo ba. Naci ta hana: bin mutum, tare masa hanya, da riƙe shi. Na ƙarshen nan ne ya ci Baba. Kin san halinsa, da ya ji taku sai ya laluba ya kama hannu, ba ya saki sai ya faɗi ko na wane ne. Ran nan ya kama wani matafiyi mai sauri, mutumin ya kai ƙara. Jami'in da ke kula da tashar, wanda direbobi ke ce wa Dogo, ya ja masa kunne: in ya kuma, za a tashe shi daga wurin gaba ɗaya. Yaya, in aka tashi Baba daga nan, ina tsoron ba zai kai mana baɗi ba.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, me yake samu a tafin mutane haka? Gobe zan rufe shagona na kafinta in je in gane wa idona.

A gaishe da kowa.
Ƙaninki, Auta

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ga labarin da na yi miki alkawari.

Na raɓe bayan rumfar mai sayar da tikiti ina kallo. Baba na nan kan tabarmarsa, amma ya danne hannuwansa biyu ƙarƙashin cinya, kamar mai jin sanyi. Sadaka na faɗawa gabansa yadda ta saba, yana godiya, sai dai bai kira sunan kowa ba. Mai tikiti ya ce da can Baba kan riƙe shi ya ce masa ya rame, ko ya tambaye shi wa ya ɓata masa rai da safen nan. Yanzu kuwa sai “Allah ya saka” kawai. Ban taɓa ganin Baba ya ƙanƙance haka ba, raina ya ɓaci ƙwarai.

Na nemi Dogo. Ashe ba mugu ba ne, tsayi ne kawai ya yi masa yawa. Na tambaye shi, in mai wucewa ne ya fara kama hannun Baba fa? Ya sosa ƙeya, can ya ce mai bara ne dokar ta hana riƙo, ba ta ce komai a kan mai wucewa ba. Wannan gaisuwa ce, shi kuwa ba a ɗauke shi aikin hana gaisuwa ba. Matsalar, mutanen tasha sun tsorata, kowa na ganin tarar za ta hau kansa. Dole sai wani ya fara a gaban Dogo.

Sai na je. Ban yi magana ba, don da ya ji muryata ba zai karɓi hannuna ba. Kin san tun tasowarmu tsugunawa nake in gaishe shi, ban taɓa ba shi hannu ba. Na taɓa gwiwarsa, na zaro hannunsa na sa nawa a ciki. Ya zabura zai janye, Dogo ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, shi aka riƙe.

Ya shafa tafina ya ce kafinta ne wannan, ga kanta, ga tabon zarto. Ya ce amma baƙo ne, bai san shi a tasha ba. Jama'a suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Da ya zo kan ɗan yatsana ƙarami, mai lanƙwasar nan irin ta Inna, sai ya tsaya. Ya daɗe yana murza shi. Sannan ya ce, cikin wata murya da rabona da ita tun ranar rasuwar Inna: “Bawan Allah, yi haƙuri, bar mini shi kaɗan. Na san mai irin wannan yatsan, ta riga mu gidan gaskiya.”

Dariyar ta ɗauke. Na bar masa har ya gaji ya saki don kansa. Ina tashi mai tikiti ya miƙa nasa, direbobi suka biyo baya, Baba na kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wurinsa dai ya tsira.

Da yamma da na kai masa abinci na tsuguna na gaishe shi, ya ce in na ji labarin wani baƙon kafinta a garin nan, in roƙe shi ya riƙa biyowa ta tasha. Na ce to. Gobe da safe zan bi, kuma ba zan yi magana ba.

Allah ya bar zumunci.
Ƙaninki, Auta